Haƙoran Motar Malam

Alhamis, bayan La'asar. Zandam.

Mun dawo. Malam yana kwance, ya ce kada a tashe shi sai Magariba. Na tsinci tsohon littafin lissafin 'yata Na'ima da sauran shafuka a bayansa, shi ne na ɗauka. In ban rubuta ba zan faɗa wa wani, wanda na faɗa wa kuma zai kai wa Dada, mahaifiyar Malam, ta zauna tana kuka har ta ƙi cin abinci.

Sunan ciwon ba zan rubuta shi ba. Abin da likita ya ce shi ne duk Litinin da Alhamis mu kasance a asibitin Birnin Kudu da sassafe, a ɗora mijina a kan inji ya tace masa jini, kuma kada mu tsallake ko sau ɗaya. Da ya zo kan "ko sau ɗaya" ni ya kalla, bai kalli Malam ba. Na ce na ji.

Motar Malam ce ke kai mu, mai lantarki, ba ta shan fetur. Shanunsa na gado ya sayar ya saye ta hannu na biyu lokacin da mai ya gagari direbobi, yana jigilar fasinja tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Yanzu ni ke tuƙa ta. Ya koya mini a filin ƙwallon firamare yana zaune a gefe da bokitin amai a ƙafarsa, ni ina neman in ture ragar mutane. Matan unguwa sun sa mini suna Direba. Su yi ta faɗa, ni dai ina kai shi.

A gaban sitiyari akwai waɗansu 'yan layuka a jere masu nuna lafiyar batir. Malam yana kiran su haƙoran mota. Yau ɗaya ya faɗi. Ban gaya masa ba.

Asabar, da hantsi.

Na fito na tarar Dada ta lulluɓe motar da tabarmi biyu da tsohon bargo, wai kada rana ta buge ta. Na ce, "Dada, ai zafi za ki ƙara mata." Ta ce ita duk abin da ke ɗaukar ɗanta sai ta rufe shi. Na bari ta shiga ɗaki, na yaye, na matsar da motar ƙarƙashin darbejiya.

Ƙafafunsa yau da sauƙi. Takalmin ya shiga.

Litinin, Azahar. Wurin caji, Birnin Kudu.

Ina rubutu a cikin mota, ƙofofi a buɗe, gumi har cikin ido. Malam yana kan inji.

Tun da taransifomar Zandam ta ƙone ba mu sake ganin wuta ba, don haka nan kaɗai motar ke samun caji, bayan wani gidan mai, wurin Malam Yunusa. Na'urarsa mai sauri ce. Dole in cika batir fal, domin cajin nan ɗaya shi zai kai mu gida, shi kuma zai dawo da mu ranar Alhamis.

Da farko lambar cajin tana gudu kamar ana zuba ruwa a randa. Tana kaiwa tamanin cikin ɗari sai ta koma rarrafe. Yau ma tun kafin tamanin ta fara ja da baya. Na ce wa Malam Yunusa injinsa ya lalace. Ya ce, "Hajiya, injina lafiyarsa ƙalau. Motarki ce ke ƙin karɓa. Kin taho da ita daga Gwaram ta ɗauki zafi, kin jona ta da tsakar rana a bazara, kina so ta cika fal. In batir ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone."

Na nuna masa haƙorin da ya faɗi. Ya leƙa, ya ce wanda ya faɗi ba ya dawowa. Ya ce a da ai mijina Malam Safiyanu ba haka yake mata ba, a tasha yake kwana, ya jona ta a soket ɗin shagon abokinsa ta sha a hankali har gari ya waye. Ya tambaye ni ko ba mu da inda za mu kwana a garin nan mai wuta. Na ce zan duba.

Muna da shi mana. Gidan Inna, mahaifiyata, yana bayan asibitin nan, kuma layin wutarsu ɗaya da na asibiti.

Masu keke mai lantarki uku suna jira a bayana, ɗaya sai tsaki yake ja. Ko kallonsa ban yi ba.

Litinin, bayan Magariba.

Ba ta cika ba. Mun iso dai.

Talata, da yamma.

Ashiru, ƙanena, ya saka lambata a wani zaure na masu motar lantarki a waya. Tun safe suke musu. Wani a Abuja ya ce caji mai sauri ba ya yi wa batir komai, duk tatsuniya ce. Wani a Kano ya ce shi ya kashe masa batir cikin shekara guda. Wani ya turo hoto mai layuka ja da kore, wani ya ce kada a wuce tamanin, wani ya ce shi kullum ɗari yake yi kuma ga shi nan garau. Duk mutanen da ke da wuta a garejinsu ne.

Na rubuta musu yadda tawa take, da zafin, da nisan. Mutum ɗaya ya amsa, ya ce in riƙa jona ta a gida da dare a hankali, in yi tafiyar da sanyin safiya. Na gode masa. Kowa dai maganar nan ɗaya yake dawo mini da ita.

Laraba, bayan La'asar.

Na yi masa maganar. Na jira ya sha rabin kofin ruwan da aka yarda masa, na zauna a bakin gado na ce, "Malam, gobe in an sauke ka mu wuce gidan Inna mu kwana. Motar ta sha wuta a hankali, da Asuba mu kamo hanya, ba zafi, ba sai mun kunna sanyi ba."

Ya ce, "Sa'adiyya, ashe har yanzu ba ki san ni ba."

Na san shi. Tun aurenmu bai taɓa wuce zauren gidanmu ba. Yana zuwa zai tuɓe takalmi a waje, ya durƙusa, ya gaida Inna ta bayan labule, ita ma ta amsa daga tsakar gida fuskarta a gefe. Ko ruwan gidan bai taɓa kurɓa ba. Inna kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan". Haka kakanninsa suka yi, haka namu suka yi, kuma da yana da lafiya har burge ni abin yake.

Na ce, "Lalura ce."

Ya ce, "Da ƙafata ban shiga ba, sai yanzu da ake riƙe ni zuwa banɗaki? Surukata ta ji ina amai a ɗakinta? In dole ne, ki ajiye motar a ƙofar gida ni in kwana a cikinta."

Na ce wato unguwa ta wayi gari ta ce Inna Azumi ta bar surukinta marar lafiya a titi. Ya juya fuska bango. Kuɗin kama masauki sau biyu a mako kuwa ba mu da shi, shi ma ya sani, ni ma na sani.

Na fita na daka gero da ƙarfin da ba ya buƙata.

Alhamis, Azahar. Wurin caji.

Da ƙyar muka shigo gari. Yau zafin ya fi na Litinin, na'urar tana ta huci, lambar ta tsaya a wuri ɗaya kamar an ɗaure ta. Nas ta kira ta ce an sauke shi, yana jiri, in zo. Na ce wa Malam Yunusa ya cire. Ya ce, "Hajiya, wannan zai kai ku, amma dawowar fa?" Na ce Allah yana nan. Ya ce haka ne, ya cire.

Alhamis, bayan Magariba.

A hanya ban kunna sanyi ba don in tattala cajin. Wajen garin Sara na waiwaya na ga rigar Malam ta jiƙe sharkaf, leɓensa ya bushe, ga shi ba dama ya sha ruwa yadda yake so. Na kunna. Ina kallon lambar tana sauka ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ban san wanne ya fi ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.

Yaya Buba, wan Malam, ya shigo gaisuwa. Ya ce a sayar da motar nan tun tana da sauran daraja, a riƙa shiga ta haya kamar kowa. Na ce, "Yaya, mun gwada. Mutum huɗu a baya, wani ya danne masa robar tace jini da ke wuyansa da buhun barkono, direba ya tsaya lodi a Sara har rana ta take. Mun gwada." Ya ce to ai mota ba ta mace ba ce dama. Na ce in ya shirya koyon tuƙi filin firamare yana nan. Dada ta yi gyaran murya, na yi shiru, amma ban janye ba.

Da ya tafi na so in ce masa ya yi wa ƙaninsa maganar gidan Inna. Na fasa. Shi ma ko lahira za a kai shi ba zai kwana gidan surukai ba.

Lahadi, da yamma.

Na leƙa lambar sau ba adadi, kamar kallo zai ƙara ta. Gobe zan tafi a hankali. Za mu isa.

Litinin, La'asar. Barandar asibiti.

Ba mu isa ba.

Mun wuce Sara da kaɗan sai hoton kunkuru ya fito a gaban sitiyari. Malam ya taɓa gaya mini cewa in ka gan shi motar ta kusa tsayawa. Na take, ta ƙi. Masu keke suna wuce mu. Na lallaba ta zuwa gindin wata tsamiya, nan ta yi shiru gaba ɗaya.

Na tsaya a bakin titi ina ɗaga hannu. Motocin safe duk a cike. Wata akori-kura mai ɗauke da awaki ce ta tsaya daga baya, yaron motar ya koma baya Malam ya zauna a gaba, ni na hau tare da awakin. Da muka iso an riga an ɗora wani a gurbinsa. Ban ga laifinsu ba, wancan ma rai ne da shi. Nas ta ce injinan a cike suke har dare, mu zo gobe da sassafe za ta sa shi farko. Gado kuma babu, don ba a kwantar da shi ba.

Ashiru ya samo mai jan mota, sun kai ta wurin Malam Yunusa.

Na ce, "Malam, ga gidan Inna can, ana hango rufinsa daga nan." Ya ce in tafi ni in kwana, shi nan ya ishe shi. Ya shimfiɗa darduma a baranda. Ƙafafun sun kumbura, takalmin a hannuna yake.

Ba inda zan je.

Talata, da hantsi.

Yana kan inji. Alhamdu lillahi.

Yadda ya kwana ba zan rubuta ba. A zaune ya kwana, jingine da bango, don in ya kwanta numfashin ba ya fita. Shi ke nan abin da zan ce.

Gari na wayewa sai ga Inna da fulas ɗin kunu. Ashiru ne ya gaya mata. Inna da gwiwoyinta ba sa kai ta ko gidan suna a maƙwabta, ta tako har nan. Ta shigo ƙofar baranda, ta hango shi, sai ta tsaya cak ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta. Shi bai gan ta ba, idonsa a rufe. Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa. Sannan ta yafito ni, muka koma bayan wata bishiya.

Ta ce, "Nan yaron nan ya kwana?"

Na ce eh.

Ta ce, "Ga gidana can?"

Sai kuka ya ƙwace mini, na farko tun da aka fara wannan abu. Na gaya mata komai, zancen caji da zafi da haƙorin da ya faɗi da maganar Malam Yunusa. Ban san nawa ta fahimta ba. Ta tambaye ni abu ɗaya kawai, wai in motar ta kwana a jone a gidanta shi ke nan za ta riƙa kawo shi? Na ce in sha Allahu. Ta miƙo mini fulas ɗin ta ce in goge fuskata kada ya gani, ta juya tana ɗingishi.

Talata, bayan Magariba. Zandam.

Malam Yunusa ya jona ta da sanyin safiya, ta cika. Mun dawo. Haƙori na biyu yana nan, amma ban yarda da shi ba.

Laraba, da yamma.

Na yanke shawara. Gobe in an sauke shi, sitiyari a hannuna yake. Zan tuƙa har ƙofar gidan Inna in kashe motar in jona ta. Ya yi fushi, ya ƙi yi mini magana wata guda, ya kai ƙarata wurin Yaya Buba. Na yarda. Mai fushi da ni dai yana da rai.

Na saka masa kaya kala biyu a ƙasan jakata bai sani ba. Na ce wa Dada wataƙila mu yi dare. Ta kalli jakar, ta kalle ni, ta ce Allah ya tsare.

Alhamis, bayan Azahar. Ƙofar asibiti.

Ban kai motar wurin caji ba yau. Na ajiye ta a inuwa.

Ina riƙe da Malam muna fitowa sai ga Ashiru tsaye jikin motar da makulli a hannu. Ya gaida Malam, ya miƙo mini. Na ce na mene ne. Ya ce na gida ne. Ya ce tun da safe ya raka Inna tasha, ta shiga motar Gwaram, yanzu haka tana Zandam. Wato mun yi saɓani da ita a hanya.

Inna da ko ƙamshin mota ke tayar mata da zuciya. Inna da tun da aka kai ni ba ta taka gidan aurena ba, ko da na haifi Na'ima ƙanwarta ta turo.

Ashiru ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta ce a gaya muku gidan ba kowa. Ni ma a shago zan kwana. Ta ce ita za ta kwana a ɗakin Dada, kuma duk Litinin da Alhamis haka za ta riƙa yi har Allah ya kawo sauƙi."

Malam ya dafa motar. Ya ce, "Inna a gidana za ta kwana?" Ashiru ya ce eh. Ya ce, "Da gwiwar nan ta shiga motar haya?" Na buɗe masa ƙofa ya shiga, ban tambaye shi inda za mu ba, shi ma bai faɗa ba.

Alhamis, bayan Magariba. Gidan Inna.

A ƙofar zaure ya tuɓe takalmi kamar kullum. Ya durƙusa da ƙyar, ya yi sallama, ya gaida tsakar gidan da ba kowa a cikinsa sai kaji. Na tsaya ina jira. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙo mini hannu na ɗaga shi, ya ɗaga labulen da kansa.

Inna ta share ɗakin baƙi, ta shimfiɗa sabon zanin gado, ta jera matasai uku a jingine don ya kwanta a kishingiɗe. Ta ajiye buta da bokiti mai murfi a bakin ƙofa. A madafa akwai tuwon shinkafa a kula da miya kwano biyu, ta ɗaure wa murfin ɗaya tsumma don a gane shi. Na ɗanɗana, ba gishiri. Ban taɓa gaya mata an hana shi gishiri ba, sai dai ko ta tambayi nas.

Ashiru ya zaro waya ta tagar zaure muka jona motar. Wata 'yar fitila tana ƙyaftawa a hankali, ba huci, ba ƙara.

Na kira Zandam. Dada ce ta ɗauka, ta ce baƙuwarta ta yi amai sau biyu a hanya amma yanzu ta ware, suna zaune suna ɓare gyaɗa da Na'ima. Na ce a ba ni Inna. Ta ce, "Ya shiga?" Na ce ya shiga. Ta ce, "Ya ci?" Na leƙa ɗakin. Na ce yana ci.

Juma'a, bayan Asuba.

Motar ta cika fal, kuma da na dafa jikinta sanyi ƙalau. Haƙorin da ya faɗi bai dawo ba, sauran suna nan.

Malam ya yi barci har sai da na tashe shi salla. Ya naɗe zanin gadon da kansa, ya hana ni taɓawa. Da muka fito zaure ya tsaya yana saka takalmi, ya ce, "Sa'adiyya, in mun isa ni zan dawo da Inna?" Na ce wa zai tuƙa, shi? Ya yi 'yar dariya, ta farko a watan nan. Na ce zan sa ta a gaba a motar Malam Ahmad direba, ba za a matse ta ba.

Na kulle gidan. Sannan ya ce, "Ki gaya mata ranar Litinin kada ta je ko'ina. Ta zauna a ɗakinta. Zan shigo."

Na ce, "Kai za ka gaya mata. Tana gidanka."

Yana cikin mota yana jirana. Bari in naɗe wayar cajin mu kama hanya tun rana ba ta fito ba.